SON ZUCIYA DA "ME MUTANE ZA SU CE?" A CIKIN ƘAGAGGUN LABARAI

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ga dacewar in tsaya a gabanku yau. Ni ma'aikacin gwamnati ne, yinina tsakanin fayil da takarda yake ƙarewa, amma son karatun littattafai a nan makarantar aka dasa mini shi, kuma albarkacinsa ne zan ɗan ce wani abu.

GABATARWA

Batun da aka ba ni shi ne karon da ake yi tsakanin abin da ran mutum yake so da abin da jama'arsa suke son ya yi, kamar yadda marubuta suka nuna shi a littattafansu.

Sanin kowa ne Bahaushe ya daɗe da yanke hukunci a kan wannan shari'a. Ya ce son zuciya ɓacin zuciya. Ya ce bin na gaba bin Allah. Ya kuma ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Waɗannan maganganu ba a banza aka yi su ba. Mu mutane ne da rayuwarmu take tafiya da jama'a tun daga ranar suna har ranar jana'iza, kuma babu wanda ya taɓa raɗa wa kansa suna ko ya kai kansa makwanci. Wanda jama'a suka yi masa wannan hidima, dole ne su sami ta cewa a kan al'amarinsa.

To amma marubutanmu da suka zauna suka bi wannan magana daki-daki sun gano wani abu da karin magana bai faɗa ba. A labarai da yawa, idan ka ɗaga babbar rigar da ake kira "al'ada" ko "biyayya" ko "me mutane za su ce", sai ka tarar da son zuciyar wani mai ƙarfi a ƙarƙashinta. Haka kuma idan aka zo biyan bashin abin da aka aikata, sau da yawa wanda bai ci nanin ba shi nanin take ci. Wannan shi ne abin da nake son in nuna, kuma zan kafa hujja da littattafan da da yawa daga cikinmu muka karanta.

JIKI MAGAYI

A shekarar 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga wannan yunƙuri ne aka sami littattafai biyar da suka zama harsashin wannan fanni, wato Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai kuma Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin. Sauran huɗun sun fi karkata ga tafiye-tafiye da yaƙe-yaƙe da wayon zaman duniya. Jiki Magayi kuwa cikin gida ya shiga, ya taɓo maganar aure.

Labarin a taƙaice shi ne, Abubakar da Zainabu suna son juna. Sai ga Malam Shehu, mai dukiya wanda Allah bai ba haihuwa ba, ya shigo neman aurenta. Dukiyarsa ta rinjayi al'amarin, aka ɗaura aure da shi, har Allah ya ba su ɗa namiji da ake kira Kyauta. Abubakar bai haƙura ba. Ya shiga duniya neman asirin da zai rama da shi, asirin kuwa a kan yaron ya faɗa. Kyauta ya tashi ɓarawo, ya gagari kowa, a ƙarshe ya zama ajalin mahaifinsa ba tare da ya san shi ne ba.

Jama'a, a nan wane ne mai son zuciya? Idan aka tambayi mutanen garin ranar ɗaurin auren, babu wanda zai nuna Malam Shehu da yatsa. Ya nemi aure ta hanyar da aka saba, an yanka sadaki, an tara shaidu, an raba goro, an shafa fatiha. Abin da ido yake gani ya cika. Son haihuwa kuma ba laifi ba ne. Sai dai ya san akwai wani a gabansa, ya san inda zuciyar yarinyar take, ya sa ƙarfin aljihu ya ture duk wannan, jama'a kuma suka taya shi murna. Shi kuwa Abubakar an zalunce shi, babu shakka, amma ya ɗauki zaluncin da aka yi masa ya mai da shi lasin yin wanda ya fi shi muni. Wanda ya biya bashin su biyun shi ne yaron da ko cikinsa ba a ɗauka ba lokacin da aka ƙulla rigimar. Tun wancan zamani ke nan marubuci Bahaushe ya gane cewa al'ada tana duba ko an cika ƙa'ida, amma ba kasafai take tambayar wa aka taka kafin a cika ta ba.

ZAMANIN LITTATTAFAN SOYAYYA

A shekarar 1980 kamfanin NNPC na Zariya, wato na buga littattafai, ba na man fetur ba, ya fito da littattafan da suka yi fice a gasar da ya shirya. Daga cikinsu akwai So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsatu Abdulwahid, wanda ake lissafa shi a matsayin ƙagaggen labari na farko da wata mace ta wallafa da Hausa. Labarin Boɗaɗo ne, yarinya Bafulatana da ta kamu da son Yasir wanda ba Bafulatani ba, danginta kuma suka ƙi. A nan shingen na asali ne da ƙabila, ba na dukiya ba, amma tambayar ɗaya ce: wa yake da ikon zaɓa wa yarinya abokin zamanta?

Daga tsakiyar shekarun 1980 sai ƙofa ta buɗe gaba ɗaya. Tattalin arziki ya tsuke, manyan kamfanonin buga littattafai suka ja baya, matasa maza da mata, musamman a Kano, suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama, littattafan suka cika kasuwanni da tashoshin mota, har da shagunan da ake ba da su haya. Malam Ibrahim Malumfashi ya raɗa musu suna Adabin Kasuwar Kano, aka kuma shafe shekaru ana muhawara a jaridu tsakaninsa da masu kare su irin su Abdalla Uba Adamu da Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu.

Wanda ya fi tashe a cikinsu shi ne In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, aka kuma mai da shi fim a 1994. Sumayya 'yar masu hali ce, ta ga Muhammad ɗan talaka ta ce shi take so. Abdulƙadir, ɗan kasuwa mai kuɗi, ya fito neman aurenta ta ƙi shi. Da ya ga haka sai ya bi ta hannun kakarta da kayan alheri, kakar ta tsaya kai da fata, iyayen kuma suka kasa tsallake maganarta. Da Sumayya ta ga an rufe mata kowace ƙofa sai ta faɗa rijiya. Allah ya yi da sauran kwananta aka ceto ta, a ƙarshe aka aura mata wanda take so.

An yi wa wannan littafi ca, aka ce yana koya wa 'yan mata bijire wa iyaye. Ni ma ina tare da masu cewa faɗawa rijiya ba abin koyi ba ne. Kashe kai haramun ne, kuma duk marubucin da ya sa tauraruwarsa ta sami biyan bukata ta wannan hanya ya ɗauki nauyi mai girma. Amma ina roƙon mu bi igiyar biyayyar nan mu ga inda aka ɗaure ta. An ce Sumayya ta bi iyayenta. Iyayen suna bin kaka. Kakar kuwa me take bi? Kayan da Abdulƙadir ya sauke mata. Ashe idan yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce to, a zahiri iyayenta ta yi wa biyayya, amma a haƙiƙa son zuciyar wani saurayi mai kuɗi ta bi, wanda ta riga ta faɗa masa a gabansa cewa ba ta son sa. Masu sukar littafin sun ga rijiya, amma kaɗan ne daga cikinsu suka tsaya suka dubi wanda ya tura yarinyar bakinta.

Ba ina cewa duk littattafan nan na kirki ba ne. Da yawansu an rubuta su cikin gaggawa, kowane uba a cikinsu azzalumi, kowane saurayi waliyyi. Wasu kuma bayan sun gama zagin auren kuɗi sai su ƙare da tauraruwar ta auri wani matashi mai gidan bene da motoci, ka ga ashe ba kuɗin aka ƙi ba, furfurar mai kuɗin aka ƙi. Irin wannan rubutu shi ma son zuciya ne da aka yi wa kwalliya. Duk da haka, a 2007 da aka tara irin waɗannan littattafai aka cinna musu wuta a Kano a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, matsalar da ta haife su tana nan ba ta ƙone ba. Rubutun ya koma cikin wayoyin hannu, ana karanta shi a Facebook da WhatsApp, kuma a 2016 Sashen Hausa na BBC ya buɗe wa mata gasar Hikayata. Ruwa ba ya tsami banza. Muddin ana yin abin a gidaje, za a ci gaba da rubuta shi.

MUDU BIYU A KASUWA ƊAYA

A ganina babu wanda ya fito da wannan magana fili kamar Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammed, wadda ita kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙaramar yarinya. Littattafanta biyu da suka fito a 1990 sun isa misali, kuma ya kamata a karanta su a jere.

Na farko shi ne Wa Zai Auri Jahila? Abu yarinya ce mai son karatu, mahaifinta ya cire ta daga makaranta. Ɗan'uwanta Amadu da aka yi musu alkawarin aure ya yi boko, ya dawo ya ce shi ba zai auri jahila ba. Sai aka ɗauke ta aka ba Sarkin Noma, dattijon da ya isa ya haife ta. Ta gudu Kaduna wurin wata 'yar'uwarsu, ta koma karatu, har ta zama ma'aikaciyar jinya. Ku duba wannan al'amari da kyau. Jama'ar da ta ce karatun 'ya mace ba shi da amfani, ita ce kuma ta haifi saurayin da ya ƙi ta saboda rashin karatun. An hana ta abu, sannan an hukunta ta a kan rashinsa. Abin da ranta yake so, wato ilmi, abu ne da addini ya yi umarni da nemansa, amma da ta nace a kansa sai aka kira ta mai taurin kai. Sarkin Noma kuwa da yake son ƙarin mata a shekarun da ya kamata ya fara shirin aurar da jikoki, babu wanda ya kira nasa son zuciya.

Na biyu shi ne Alhaki Kuykuyo Ne, wanda Aliyu Kamal ya fassara zuwa Turanci, aka buga a ƙasar Indiya a 2012. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne a Kano, matarsa Rabi tana da 'ya'ya tara. Yana da hali, amma gidan ba ya ganin halin. Ya je ya auro Delu, mace mai zaman kanta, ba a daɗe ba ya saki Rabi ya kore ta tare da 'ya'yan. Rabi ta kama sana'ar sayar da abinci, ta ciyar da su, ta riƙe karatunsu, har ta aurar da 'yarta Saudatu ga mutumin kirki mai rufin asiri. Ana nan sai gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu, Delu ta ga babu sauran abin ci ta juya masa baya. A nan ne fa dangi suka tuna da zumunci. Suka taru a kan Rabi, suka ce ta koma ɗakinta, ta dubi 'ya'yanta, ta dubi abin da mutane za su ce. Ta koma, ba don ranta ya so ba.

Tambayata ita ce, ina waɗannan dangi suke ranar da aka watso mata kaya waje? Ranar da mai ƙarfi ya bi son zuciyarsa, jama'a ta yi magana ƙasa-ƙasa ta koma gefe, aka ce gidansa ne, ikonsa ne. Ranar da mai rauni ta ce ita ma ga abin da ranta yake so, wato a bar ta ta zauna lafiya da sana'arta, sai jama'a ta tashi da ƙarfinta duka. Mudu biyu ke nan a kasuwa ɗaya, babba na awon haƙurin mata da yara da talakawa, ƙarami na awon laifin masu hali. Ba na jin Hajiya Balaraba tana cewa a rushe zumunci ne. Abin da ta nuna shi ne zumuncin da ba ya tashi sai ranar da mai ƙarfi ya shiga uku, wannan ba zumunci ba ne cikakke.

ABIN DA ADDINI YA CE

Iyayena malamai suna zaune a nan, su ne masu wannan fage, ni tsokaci kawai zan yi. Sau da yawa mukan haɗa al'ada da addini mu ɗaure su da igiya ɗaya, alhali ba kullum suke tafiya tare ba. Ya zo a cikin Bukhari da Muwaɗɗa cewa Khansa'u bint Khidam, wadda bazawara ce, mahaifinta ya aurar da ita ba da son ranta ba, ta kai ƙara wurin Manzon Allah (SAW), ya warware auren. Haka kuma labarin Barira sananne ne. Da aka 'yanta ta sai ta zaɓi rabuwa da mijinta Mugis, shi kuwa yana bin ta yana kuka saboda so. Manzon Allah (SAW) ya nemi ta koma masa, ta tambaya ko umarni ne, ya nuna mata cewa ceto kawai yake yi, ta ce ba ta bukatar mijin, kuma aka bar ta a kan zaɓinta. Ku gwada wannan da yadda aka yi wa Rabi.

Gaskiya ne malaman Malikiyya sun ba uba ikon aurar da 'yarsa budurwa. Amma sun gina wannan iko ne a kan kyakkyawan zaton cewa uba ba zai nema wa 'yarsa komai ba sai alheri, sun kuma hana shi amfani da ikon inda cutarwa ta bayyana. Wato amana ce aka ba shi domin amfanin yarinyar. Ranar da ya yi amfani da ita domin biyan bashi, ko neman kusanci da mai mulki, ko gudun ɓacin ran wani aboki, ya ci amanar, ko da kuwa duk unguwa ta zo ta ci goro.

OBI OKONKWO DA MU MA'AIKATA

Kada maza su zaci wannan magana ta mata ce kawai da sha'anin aure. Bari in ɗauko littafin da ya fi kusa da irin rayuwar da yawancinmu muke yi a ofisoshi, wato No Longer at Ease na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1960, shekarar da Nijeriya ta sami 'yancin kai.

Obi Okonkwo yaro ne mai ƙwaƙwalwa daga Umuofia a ƙasar Ibo. Ƙungiyar ci gaban garinsu ta tara kuɗi, fam 800, ta ba shi rance ya tafi Ingila karatu. Sun so ya karanta aikin lauya domin ya riƙa tsaya musu a shari'o'in filaye, shi kuwa ya karanta Turanci. Ya dawo ya sami babban aiki a Legas, a hukumar ba da tallafin karatu, da niyyar ba zai taɓa karɓar hanci ba. Sai ya kamu da son wata ma'aikaciyar jinya mai suna Clara, wadda ta fito daga zuriyar da ake kira osu, wato waɗanda al'adar wurin ta keɓe, ba a auratayya da su. Shugaban ƙungiyar garinsu ya tayar da maganar a gaban taro. Mahaifinsa, duk da kasancewarsa malamin coci, ya ƙi. Mahaifiyarsa ta ce idan ya aure ta tana da rai za ta kashe kanta. Obi ya kasa tsayawa, Clara ta zubar da cikin da take ɗauke da shi, suka rabu.

A gefe guda kuma ga biyan rancen ƙungiya, ga kuɗin makarantar ƙanensa, ga jinyar mahaifiya, ga hidimar mota da irin rayuwar da kowa yake sa ran babban ma'aikaci zai yi. Albashi ya kasa. A hankali ya fara karɓar abin da ya rantse ba zai karɓa ba, har ranar da aka ɗana masa tarko da fam 20 aka kama shi. Abin da ya fi ba ni tsoro a littafin shi ne yadda mutanen garinsu suka ɗauki al'amarin. Ba cin hancin ne ya fi ɓata musu rai ba. Abin kunyar a wurinsu shi ne ƙanƙantar kuɗin da aka kama shi a kansu, da kuma rashin dabararsa da ya sa hannu ya karɓa da kansa.

'Yan'uwana ma'aikata, wa ya kai Obi gaban alƙali? Shi ya miƙa hannu, kuma alhakin wannan a wuyansa yake, Achebe bai wanke shi ba. Amma a wurin da ya kamata ya tsaya ya ce wa jama'arsa a'a, wato maganar Clara wadda ba ta yi laifin komai ba sai na gidan da aka haife ta, sai ya sunkuya. A wurin da ya kamata ya ce wa zuciyarsa a'a, nan ma ya sunkuya. Jama'ar da ta hana shi auren halal saboda al'ada, ita ce ta ɗora masa kayan da albashinsa ba zai iya ɗauka ba, ba ta kuma taɓa tambayarsa inda zai samo kuɗin ba.

Wannan labari a ƙasar Ibo ya faru, amma babu wanda yake zaune a nan da bai san irinsa ba. Duk wanda ya riƙe kujera, komai ƙanƙantarta, ya san masu zuwa da takardar ɗan wane a saka shi a aiki, da masu cewa ai yanzu lokacinmu ne, da masu cewa wane ya shekara goma a ofis ko fili bai saya ba, wawa ne. Wanda ya ƙi, a ce ba shi da zumunci, ya manta asalinsa. A irin wannan hali, mai bin "me mutane za su ce" shi ne zai ci amana, mai taurin kan da ya tsaya shi kaɗai kuwa shi ne mai gaskiya. Kuma wanda yake biyan bashin shi ne yaron da ya ci jarrabawa amma ba shi da kowa, wanda aka cire sunansa aka sa na ɗan wane. Shi ne Kyautan wannan zamani.

KAMMALAWA

Mai girma shugaba, daga waɗannan littattafai na tsamo tambayoyi uku da nake ganin za su amfane mu duk lokacin da zuciya ta ja gabas, jama'a suka ja yamma.

Ta farko, wannan abu da ake cewa jama'a ne suke so, wane ne zai amfana da shi? Idan an bi diddigi aka tarar mutum ɗaya ne mai kuɗi ko mai iko, to a kira abin da sunansa.

Ta biyu, wane ne zai biya bashin? Idan amsar ita ce yaro, ko mace, ko wani da ba ya wurin balle ya kare kansa, to a sake shawara, ko da wane ɓangare ne yake da rinjaye.

Ta uku, Allah ne ya ce, ko mutane ne za su ce? Idan Allah ne ya ce, magana ta ƙare, sai zuciya ta haƙura. Idan kuwa tsoron bakin mutane ne kawai, to bakin mutane bai taɓa shiga kabari tare da kowa ba.

Ga ƙannena ɗalibai, kada wani ya fita daga nan ya ce an ba shi izinin ƙin jin maganar iyaye. Mafi yawan lokuta iyayenku sun fi ku gaskiya, kuma ta yaro kyau take ba ta ƙarko. Ku tuna da Abubakar na Jiki Magayi, wanda ya fara da gaskiya a hannunsa ya ƙare da alhakin rai. Idan kuna da magana, ku faɗe ta cikin ladabi, ku nemi kawu ko gwaggo ko malami ya shiga tsakani.

Ga iyaye, kuma da yawanmu mun fara zama iyaye, mu riƙa tambayar 'ya'yanmu kafin mu yanke, mu kuma saurari amsar. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ga wannan ƙungiya tamu ina da roƙo biyu. Na farko, mu sayi waɗannan littattafai da ire-irensu mu zuba a laburaren makaranta, malaman Hausa da na Turanci su riƙa tattauna su da ɗalibai a fili, domin yaron da aka karanta littafi tare da shi ya fi wanda ya karanta a ɓoye samun mai nuna masa inda marubucin ya kauce. Na biyu, mu tuna cewa mu ma jama'a ne, irin ƙungiyar mutanen Umuofia. Idan ɗayanmu ya sami muƙami, mu taya shi da addu'a da shawara, kada mu je masa da bukatar da sai ya karya doka zai biya ta. Idan kuma ya ce mana a'a saboda amanar da ke hannunsa, kada mu juya masa baya a taro irin wannan.

Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara wa waɗanda suke raye lafiya da nisan kwana, ya ɗaukaka wannan makaranta, ya mai da kowa gidansa lafiya.